Ban da Rio da São Paulo, ina zan nufa a Barazil?

"Assalamu alaikum, Malam. Harkar kasuwanci za ta kai ni São Paulo, kuma ni ke da zaɓin watan da zan tafi. Idan na gama da abokan ciniki zan samu kamar sati biyu a hannuna. Duk wanda na tambaya sai ya ce Rio de Janeiro, bakin teku da gunkin nan na kan dutse, ni kuwa ba su ne a raina ba. Akwai wuraren da ba kowa ya sani ba, waɗanda suka cancanci wahalar zuwa? Wane wata ya fi, ta ina ake bi, kuma yaya Musulmi zai yi da abinci da salla?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu uku ka tambaya: ina, yaushe, da yadda za ka riƙe addininka a hanya. Sai dai a Barazil "ina" da "yaushe" a ɗaure suke da juna, domin mafi yawan wuraren da zan ambata maka ruwa ne ke ƙawata su, kuma ruwan yana da watanninsa. Wanda ya je a watan da bai dace ba zai tarar da busasshen rairayi inda aka yi masa alƙawarin tafki.

Fara da girman ƙasar. Faɗin Barazil ya haura murabba'in kilomita miliyan 8.5, wato Najeriya tara har da ɗoriya. Daga São Paulo zuwa Salvador bas kan shafe sama da awa 30, jirgi kuma awa biyu da 'yan mintuna. Babban kuskuren baƙi shi ne su jera wurare shida daga kusurwoyi huɗu na ƙasar, sai satin biyun ya ƙare a filayen jirgi. Shawarata ka tsaya a arewa maso gabas, ka ɗauki jihohi biyu kawai, Bahia da Maranhão, ka kuma sa tafiyar tsakanin ƙarshen Yuni da ƙarshen Agusta. Idan so samu ne, Agusta, saboda Yuli watan hutun makarantu ne a can kuma masauki kan yi tsada.

Bahia, inda aka san sunan Bahaushe

Salvador babban birni ne, shi ne ma hedikwatar ƙasar daga 1549 zuwa 1763, don haka ba ɓoyayyen wuri ba ne. Abin da ke ɓoye shi ne wani sashe na tarihinsa da masu zagaya da baƙi ba su cika tsayawa a kansa ba, wanda kuma ya shafe ka kai tsaye. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, an kwashi fursunonin yaƙi da dama daga ƙasar Hausa, aka gangara da su bakin teku, aka sayar da su zuwa Bahia. A takardun gwamnatin can ana kiran su Haussá ko Ussá. Ba su zauna shiru ba: an bankaɗo shirin tawayensu a 1807, suka tashi a 1809, suka sake tashi a 1814. Mafi girma shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, cikin Ramadan, wanda ake kira tawayen Malê. Yawancin mutanen wannan karon Yarabawa Musulmi ne, amma akwai Hausawa a ciki, har da wani malami kuma ɗan kasuwar taba da aka sani da Dandará. Kimanin mutum 600 suka fito cikin fararen riguna, da layu a wuya. An fara daga wani gida a Ladeira da Praça, aka yi karon ƙarshe a Água de Meninos, inda sojan doki suka fi ƙarfinsu, kuma a watan Mayu aka harbe huɗu daga cikinsu a Campo da Pólvora. Duk waɗannan wurare suna nan da sunayensu. Takardun Larabci da aka ƙwace a hannunsu, ayoyi da addu'o'i, suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na jihar Bahia. Idan za ka ɗauki ɗan jagora a tsohon gari, ka faɗa masa tun farko cewa hanyar Malê kake so ya bi da kai, in ba haka ba coci-coci zai zagaya da kai har la'asar.

Sunan ya kuma saura a tukunya. Akwai abincin Bahia da ake kira arroz de hauçá, wato shinkafar Hausawa: shinkafa ce da ake dafawa ta yi laushi kamar tuwo, a zuba mata soyayyen busasshen naman sa da albasa, da miyar barkono. Matan da ke sanye da fararen kaya a bakin titi suna soya acarajé, wanda ƙosai ne sak, sai dai da manja ake soya shi, a tsaga shi a cusa masa jatan lande. Abará kuwa alala ce a naɗe cikin ganyen ayaba. Akwai cibiyar Musulunci a unguwar Nazaré inda ake sallar Juma'a, saboda haka ka daidaita kwanakinka na Salvador su haɗa da Juma'a. Da ka bar birnin, sai dai ka yi sallarka a masauki.

Ka ware yini guda don Cachoeira, tsohon garin rake da taba a bakin kogin Paraguaçu, tafiyar kamar awa biyu a bas. Gadar ƙarfe ta 1885 ce ta haɗa shi da São Félix a ɗaya gaɓar, kuma har yau mota da jirgin ƙasa da masu tafiya a ƙafa duk ita suke bi. Gidajen zamanin Turawan Fotugal suna tsaye, wasu an gyara, wasu sun tsufa. A tsakiyar Agusta wata tsohuwar ƙungiyar baƙaƙen mata, Boa Morte, tana yin bikinta na shekara. Biki ne na addininsu, garin kuma kan cika, don haka ka san da shi ko za ka je kallo ko za ka kauce.

Chapada Diamantina

Nan nake so ka kashe mafi yawan kwanakinka, biyar aƙalla. Yanki ne na tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai a tsakiyar Bahia, inda aka gano daimon a 1844 mutane suka yi ta kwarara haƙa. Da daimon ya ja baya sai garuruwan suka zama kamar an manta da su, kuma wannan mantuwar ce ta tsare su. An mayar da tsakiyar yankin gandun ƙasa a 1985, faɗinsa kimanin hekta 152,000. Ƙofar shiga ita ce garin Lençóis, kilomita kusan 420 daga Salvador, awa shida zuwa bakwai a bas. Akwai bas na dare, amma ka shiga da rigar sanyi, domin na'urar sanyaya motar ba ta da tausayi.

Ranar farko ka hau Morro do Pai Inácio da yamma. Hawan bai wuce minti 20 zuwa 30 ba daga inda mota ke tsayawa, kuma daga sama za ka fahimci shimfiɗar yankin gaba ɗaya, abin da zai taimake ka wajen zaɓar sauran wurare. Rana ta biyu ta Fumaça ce, matsirgar da ruwanta ke faɗowa daga tsayin kimanin mita 340. Ma'anar sunan hayaƙi, saboda iska kan watsa ruwan ya zama feshi kafin ya kai ƙasa. Daga kwarin Capão ake tashi, kilomita shida zuwa, shida dawowa. Biyun farko hawa ne mai tsauri a kan duwatsu, sauran kuma fili ne babu inuwa. A bakin ramin sai mutum ya kwanta rub da ciki kafin ya leƙa. A fara da sassafe, da ruwan sha lita biyu kowane mutum, don ba a barin mutane su hau idan rana ta yi nisa. Ka tambayi mutanen gari kafin ka tashi ko akwai ruwa, domin a ƙarshen rani, wajen Satumba da Oktoba, yakan ƙafe ƙaf.

Sai koguna biyu masu tafki a cikinsu, Poço Encantado da Poço Azul, waɗanda zagayen yini guda ne a mota daga Lençóis. Ruwan Encantado ya kai zurfin mita 60 amma ana hango duwatsun ƙasansa. Daga Afrilu zuwa Satumba, tsakanin hantsi da azahar, hasken rana kan ratso ta wata kafa ya soki ruwan ya mayar da shi shuɗi. Ba a shiga wannan, kallo kawai. A Poço Azul ana shiga da rigar hana nitsewa, bayan an watsa ruwa an wanke mai da turaren jiki. Idan gari ya yi hadari hasken ba ya fitowa, shi ya sa kada ka biya kuɗin wannan zagayen tun kwana uku kafin ranar. Ka jira ka ga sama.

Mai ƙarfin ƙafa zai iya musanya duk waɗannan da kwarin Pati, tafiyar kwana uku zuwa biyar a ƙasa, kilomita 15 zuwa 20 a yini. Ana kwana a gidajen 'yan tsirarun iyalan da suka rage a kwarin, su ke dafa abinci, kayan masarufi kuma alfadarai ke shigo da su. Babu sabis ɗin waya, babu inda za a yi amfani da kati, sai tsabar kuɗi. A ganina wannan shi ne mafi kyawun abin da ke Chapada, amma ban yarda kowa ya shige shi ba tare da ɗan jagora mai rajista ba. Hanyoyin ba su da alamomi, hazo kan sauko cikin mintuna. Wani babban haɗari a yankin shi ne ambaliyar da ke zuwa ba zato: ruwa ya sauka a saman tsauni, kai kana cikin kwazazzabo rana tana haskawa, sai ka ji ƙara kamar ta tirela. Idan ruwan rafi ya fara canja launi, ko ya fara kawo ganye da itace, a haye tudu nan take, kada a tsaya tattara kaya. Wannan ya fi faruwa a damunar yankin, Nuwamba zuwa Maris, wanda shi ma dalili ne na zuwa a Agusta. Da dare a watannin Yuni zuwa Agusta akwai sanyi irin na Jos. Kuma ka kauce wa ranakun 23 da 24 ga Yuni, lokacin bikin São João, domin garuruwan tsakiyar Bahia kan cika maƙil.

Tafkuna a tsakiyar rairayi

Kafin komai, kada suna ya ruɗe ka. Lençóis na Bahia daban, Lençóis Maranhenses daban, tsakaninsu tafiyar sama da kilomita dubu ce, kuma akwai masu sayen tikitin wannan alhali wancan suke nufi. Kalmar na nufin zannuwan gado. Na Maranhão fili ne na tudun farin rairayi a bakin Tekun Atilantika, hekta 155,000, gandun ƙasa tun 1981, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 2024. Wanda ya san rairayin arewacin Agadez zai ce Sahara ce, amma wurin yana samun ruwan sama mai yawa daga Janairu zuwa Yuni. A ƙarƙashin rairayin akwai shimfiɗar da ba ta barin ruwa ya wuce, don haka sai ya taru a kowane lungu tsakanin tudu da tudu. Dubban tafkuna na ruwan daɗi ke fitowa, shuɗaye da koraye, wasu zurfinsu ya wuce tsayin mutum. Daga Yuni zuwa Agusta suke cike, a Satumba su fara ja, zuwa Nuwamba da Disamba yawancinsu sun tafi.

Ana sauka a São Luís, babban birnin jihar. Daga Salvador sau da yawa sai an canja jirgi a wani birnin, saboda haka ka lissafa yini guda cur don wannan. São Luís kansa ya cancanci kwana ɗaya: Faransawa suka kafa shi a 1612, kuma tsohon garinsa cike yake da gidajen da aka lulluɓe bangonsu da tayil mai zane. Daga nan akwai masauki uku da za ka zaɓa. Barreirinhas, awa huɗu a mota, ta fi yawan otal da sauƙin farashi, amma daga gari zuwa rairayin sai an haye kogin Preguiças, sannan a yi ta jijjiga sama da awa guda a bayan a-kori-kura mai benci. Daga nan ake zuwa tafkunan Lagoa Azul da Lagoa Bonita, na biyun kuma sai an hau wani dogon tudu ana riƙe igiya. Santo Amaro ya fi kusa da São Luís, tudun rairayin a bakin gari suke, tafkunansa kuma sun fi daɗewa da ruwa. Shi nake zaɓa wa mai tafiya da iyali ko dattijo, kuma shi zan zaɓa maka idan kwana biyu kawai gare ka. Atins ƙauye ne a bakin teku da ake isa ta jirgin ruwa, titunansa rairayi ne, ya fi tsada, kuma ya fi cika da matasan Turai masu wasan iska a kan ruwa.

Akwai masu ratsa rairayin a ƙafa cikin kwana uku ko huɗu, suna kwana a ragar lilo a dausayoyi biyu da ke tsakiya, Baixa Grande da Queimada dos Britos. Ana tashi tun ƙarfe uku ko huɗu na dare don a isa kafin rana ta take. Takalmi ba ya amfani a nan, safa mai kauri ta fi, saboda rairayin yana goge tafin ƙafa har ya yi kanta. Iska tana kaɗawa ba hutu, tana cusa rairayi a waya da kyamara, don haka ka saka su a leda mai zif. Tun da ka ce bakin teku ba ya cikin ranka, ka sani cewa a tafkunan da suka yi suna za ka tarar da masu wanka cikin kayan ninkaya. Zagayen sassafe ya fi ƙarancin jama'a, kuma idan ka ɗauki mota taka kai kaɗai za ka iya cewa direba ya kai ka tafkin da babu kowa, suna da yawa.

Idan watan bai yi daidai ba

Idan harkarka ta tilasta maka zuwa tsakanin Satumba da Disamba, ka bar Maranhão ka nufi Alter do Chão a jihar Pará, kilomita 35 daga Santarém, a bakin kogin Tapajós. Lokacin ne kogin ke ja baya fararen gaɓoɓin rairayi su fito a tsakiyar dajin Amazon. A ruwa mara zurfi ka riƙa jan ƙafa maimakon ɗaga ta, saboda wani faffaɗan kifi mai ƙaya a wutsiya da ke kwanciya a rairayi, kuma ka nemi shawarar likita kan maleriya kafin ka shiga yankin. Mai son tarihi kuma yana da Serra da Capivara a jihar Piauí, inda akwai dubban zane-zanen mutanen da a jikin duwatsu, irin na Birnin Kudu amma da yawan gaske. Ƙasar busasshiya ce mai ƙaya kamar Sahel. Daga Petrolina kimanin kilomita 300 ne a mota, kuma ba a shiga sai da ɗan jagora. Jalapão a jihar Tocantins yana da idanun ruwa da ke tunkuɗo mutum sama ya kasa nitsewa, sai dai yana cin kwana huɗu a mota mai ja da ƙafa huɗu, kuma ba na ganin zai shiga sati biyunka.

Abinci, salla da takardu

Barazil tana kan gaba a duniya wajen fitar da kajin halal zuwa ƙasashen Musulmi, amma wannan bai sa naman da ke gidajen abincinta ya zama yankan Musulmi ba. A São Paulo akwai masallatai da gidajen abincin Larabawa, a ƙauyukan Chapada da Maranhão babu. Mafita kifi ne, kuma arewa maso gabas ta wadata da shi: moqueca miyar kifi ce da manja da madarar kwakwa, ga ƙwai, ga tapioca da ake yi da sitacin rogo. Tarkon yana cikin wake. Ana cin wake da shinkafa kullum, kuma sau da yawa da kitsen alade ake dafa waken ko da ba a ga nama a ciki ba. Haka ma farofa, soyayyen garin kwaki da ake barbaɗawa a abinci. Feijoada kuwa ka bar ta gaba ɗaya. Ka haddace kalmomin nan: porco alade ne, bacon da toucinho kitsensa, linguiça da calabresa tsiran alade, presunto yankakken namansa. Tambayar ita ce "tem porco?", wato akwai alade? Fotugis ake yi a ƙasar, ba Sifaniyanci ba, kuma a wajen manyan otal da wuya ka samu mai Turanci, don haka ka sauke manhajar fassara da ke aiki ba intanet.

Alƙibla daga Bahia gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa, kimanin digiri 66 daga ainihin arewa (ta taswira, ba ta allurar kamfas ba). Agogon can yana bayan na Najeriya da Nijar da awa huɗu, kuma a Salvador cikin Yuni da Yuli rana kan faɗi tun kafin biyar da rabi, saboda haka la'asar tana da ƙurarren lokaci ga wanda ke kan dutse.

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, a nema da wuri, a kuma tafi da katin rigakafin shawara. A São Paulo ka duba tikitinka da kyau: jiragen ƙasashen waje a Guarulhos suke sauka, amma na cikin gida da yawa daga Congonhas suke tashi, wasu ma daga Viracopos da ke Campinas, kusan kilomita 100 daga birnin. Tikitin cikin gida mai araha jakar hannu kawai ya ƙunsa, babbar jaka mai kilo 23 sai an biya daban, kuma ya fi sauƙi a biya ta intanet kafin a isa filin jirgi. 'Yan ƙasar da Pix, tsarin tura kuɗi ta waya, suke biyan kusan komai, wanda baƙo mara asusun banki a can ba ya samu cikin sauƙi, kuma wasu shafukan sayar da tikitin bas suna neman lambar haraji ta CPF. Idan shafi ya ƙi ka, je tasha da fasfonka ka saya a kanta. Ka ciri kuɗin real a Salvador da São Luís kafin ka shiga ƙauye. A cikin Salvador kada ka riƙe waya a hannu a titi, kuma bayan magariba ka shiga mota ko da wurin kusa ne.

Ban kawo maka farashi ba da gangan, domin darajar real da ta naira suna motsi, kuma kuɗin zagaye a Chapada da Maranhão yana sauyawa daga wata zuwa wata. Kudancin ƙasar da dausayin Pantanal ma ban taɓa su ba, tafiya ce ta daban. Lissafin kwana 14 ɗin dai ga shi: uku a Salvador har da Cachoeira da Juma'a, biyar a Chapada, ɗaya na komawa Salvador da hawa jirgi, ɗaya a São Luís, uku a Santo Amaro, na ƙarshe kuma ka bar shi fanko a São Paulo kafin jirginka na gida, saboda jinkirin jirgin cikin gida.